Wuri da Magadansa: Tarihin Kuɗin Daular Sakkwato Kamar Yadda Ya Wanzu a Bakin Mutanen Mubi

1.0 Gabatarwa

Daular da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da jama'arsa suka kafa daga shekarar 1804 ta shimfiɗa mulkinta tun daga Liptako a yamma har zuwa Fombina a gabas. Ta naɗa sarakuna da alƙalai, ta karɓi zakka da haraji, ta kuma bar littattafai masu yawan gaske. Amma duk tsawon shekara kusan ɗari da ta yi, ba ta buga kuɗi nata na kanta ba. Babu tsabar da ke ɗauke da sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ko na wani daga cikin magadansa, kamar yadda aka saba gani a daulolin Musulunci na Masar da Magariba. Abin da talaka da basarake suka yi ciniki da shi shi ne wuri, wato ƙwanson wata 'yar halittar teku da ake kwasowa daga uwa duniya.

Wannan maƙala za ta bi diddigin wurin nan da kuɗaɗen da suka gaje shi, tana duban al'amarin daga gefen daular na gabas, wato garin Mubi da ke Jihar Adamawa. An zaɓi Mubi ne domin gari ne na kan iyaka wanda hukumomi dabam-dabam suka mallaka, kowace kuma ta zo da kuɗinta. Hujjar da za a fi dogara da ita ita ce harshe, domin sunayen kuɗi sukan daɗe bayan kuɗin kansu sun shuɗe, kuma sau da yawa sunan yakan riƙe farashin canjin da aka yi a zamanin da aka raɗa shi. Wanda bai san wannan ba, idan ya zo karanta tsohuwar takardar gado ko ta sadaki ko ta haraji, zai fahimci adadin da ke ciki a karkace.

2.0 Asalin Wuri da Shigowarsa Ƙasar Hausa

Wurin da aka fara sani a Afirka ta Yamma ɗan ƙarami ne fari, wanda masana ke kira moneta, kuma mafi yawansa daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya yake fitowa. Ibn Battuta ya zauna a waɗannan tsibirai, ya ga ana sayar da wuri 400,000 a kan dinari guda na zinariya. Da ya zo ƙasar Mali a 1352 zuwa 1353, sai ya tarar ana canjin dinari guda a kan wuri 1,150 kacal. Tazarar da ke tsakanin waɗannan farashi biyu ita ce ta sa fatake suka jure ɗawainiyar kai shi Masar, sannan su ratso Sahara da shi a kan raƙuma. Daga ƙarni na 16 kuma jiragen ruwan Turawa suka riƙa sauke shi a gaɓar tekun Atilantika suna sayen bayi da shi.

Littafin Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Ke nan masu jihadi gadonsa suka yi daga sarakunan Haɓe, tare da hanyoyin karɓar haraji da shi. Shehu a cikin Kitab al-Farq ya soki kuɗin gari da kuɗin salla da jangali a matsayin zaluncin waɗancan sarakuna, amma bayan 'yan shekaru sai ga wasu daga cikin harajin sun dawo a masarautun daular, ana kuma biyansu da wurin nan dai.

Harshen Hausa ya adana alamun hanyar da wuri ya biyo. Da farko, kalmar "kuɗi" ba wata aba ba ce face jam'in "wuri". A karin harshen yamma har yanzu ana jin "kurɗi", kuma da wannan siga ce matafiyan Turawa na ƙarni na 19 suka rubuta ta. Don haka duk Bahaushen da ya ce "ba ni da kuɗi", a asalin magana cewa ya yi ba shi da ƙwanson teku. Ba Hausa kaɗai ta yi haka ba. A Fulatancin Adamawa "ceede" shi ne kuɗi, tilonsa kuma "seedere", wato wuri guda. Kanuri ma da kalma ɗaya, "kungəna", suke kiran wuri da kuɗi. Ƙasar Gana kuwa sunan wuri na harshen Akan ta ɗauko ta raɗa wa kuɗinta, sidi, a 1965.

Na biyu, kalmomin ƙidayar wuri suna nuni zuwa yamma. "Zangu", wato wuri ɗari, da "zambar", wato dubu, duka suna nan a Zabarmanci da sauran harsunan Sangai da wannan ma'ana. Tun da ƙasashen bakin Kwara, irin su Gawo da Tumbutu, sun riga ƙasar Hausa amfani da wuri da ɗaruruwan shekaru, abin da hankali zai fi karɓa shi ne Hausawa sun aro lissafin tare da kuɗin. A gefe guda kuma akwai kalmomin Larabci da malamai da Larabawan Kano suka shigo da su, kamar "metan" (200), "arbaminya" (400), "hamsaminya" (500) da "alfyan" (2,000). Akwai kuma "hauya", wato wuri ashirin. Harshe ba ya tara irin waɗannan kalmomi sai in masu shi suna ƙirga manyan adadi kullum, kuma wuri ne ya tilasta wa ko da mai sayar da daddawa sanin dubbai.

3.0 Yadda Wuri Ya Yi Aiki a Cikin Daular

A ƙasashen gaɓar teku akan huda wuri a zura shi a zare, amma a ƙasar Hausa a warwatse ake ƙirga shi. Mai ƙirga yakan zube shi a kan tabarma ko fata, ya riƙa jan biyar-biyar da yatsunsa yana tarawa tsibi-tsibi. Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya ga ana ƙirga wuri 500,000 a Tasawa a farkon 1851, ya kuma bayyana aikin a matsayin jan aiki. Idan adadi ya kai 20,000 sai a ɗura shi a buhun kaba, a kira shi "keso". Keso guda shi ne kimanin kayan da ɗan dako zai iya ɗauka.

Barth ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa guda a kan wuri 2,500. Ya ruwaito cewa kowane magidanci yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500, kowane ramin rini kuma ana biya masa kuɗin karofi wuri 700, sannan ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara a kan wuri miliyan 300. Waɗannan alƙaluma suna nuna fa'idar wuri da kuma illarsa a lokaci guda. Fa'idarsa ita ce ƙanƙanta: babu abin da ya yi arhar da ba za a iya biyansa da wuri ba, ga shi ba ya ruɓewa, ba ya tsatsa, kuma babu maƙerin da zai iya yin na jabu. Illarsa ita ce nauyi. A farashin Barth, keso guda dala takwas ne kawai, wato abin da zai karya wuyan ƙato daidai yake da azurfar da ba ta cika tafin hannu ba. Fatake masu dogon zango sun san cewa in aka ɗauki 'yan dako su kai wuri wata ƙasa, ladansu da abincinsu na iya cinye kayan kafin a isa.

Saboda haka manyan ciniki sai suka nemi wasu ma'aunai. Akwai miskali na zinariya, wanda malamai suka fi sani domin da shi da dirhami littattafan fiƙihu suka ƙayyade nisabin zakka da mafi ƙarancin sadaki, alƙali kuma sai ya juya su zuwa wuri bisa farashin kasuwar ranar. Akwai dalar Mariya Tireza ta Daular Ostiriya, mai nauyin giram 28, wadda aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 a jikinta tun bayan mutuwar sarauniyar. Hausawa sun kira ta "liyari", daga riyal na Larabci, mata kuma suka mayar da ita abin wuya. A Borno "gursu" ake ce mata, kalmar da ta samo asali daga kurush na Turkawa. Akwai kuma riguna da dawaki. Sannan akwai bayi. Babu amfanin kauce wa wannan batu: a daular, ɗan Adam ya zama ma'aunin dukiya wanda ake biyan bashi da gaisuwa da shi, kuma abin da ya sa fatake suka fi son sa shi ne yana tafiya da ƙafarsa, har ya ɗauki kaya. Fombina na cikin manyan wuraren da ake samo bayin da ake aikawa Sakkwato.

Da yake daular ba ita ke samar da wuri ba, ba ta da ikon ƙayyade yawansa. Wannan rauni ya fito fili daga wajen 1845, lokacin da 'yan kasuwar Jamus na birnin Hambug suka fara jigilar wani nau'in wuri mai ɗan girma, annulus, daga Zanzibar zuwa Ikko da maƙwabtanta. Ya fi na Maldib arha ƙwarai, aka kuma shigo da shi jirgi-jirgi. Marion Johnson a 1970, sannan ita da Jan Hogendorn a littafinsu na 1986, sun nuna yadda wannan ambaliya ta karya darajar wuri, ta fara daga gaɓa ta hauro arewa. Kafin ƙarshen ƙarnin, dalar da Barth ya canza a kan 2,500 a Kano ta kai wajen 5,000. Sarakuna suka riƙa ƙara yawan wurin haraji domin cike giɓi, talaka kuma yana ganin an ƙara masa nauyi, alhali abin da ya jawo haka an shirya shi ne a wani ofishi da ke Hambug.

4.0 Mubi: Inda Wuri Ya Makara

Mubi tana bakin kogin Yedzaram a gindin duwatsun Mandara, a ƙasar Gude da Fali. Ta shiga ƙarƙashin Fombina ne a zamanin Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu. A hukumance dai yanki ne na daular Sakkwato, amma a kasuwance ta fi kusa da Borno da Mandara. Barth ya ratsa ta Uba da Mubi a watan Yuni na 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Yola, inda Lamiɗo Lawal ya ƙi ba shi izinin zama. Abin da ya tarar a kasuwannin Adamawa shi ne wuri ba ya ciniki. Kuɗin ƙasar shi ne "leppi", wato ƙyallen saƙar auduga siriri, irin wanda Hausawa ke kira sawaye ko fari, Kanuri kuma "gabaga".

Wannan ba abin mamaki ba ne idan aka tuna cewa Borno kanta ba ta karɓi wuri ba sai a zamanin Shehu Umar, 'yan shekaru kaɗan kafin zuwan Barth. A Kukawa ya tarar wuri takwas ne gabaga guda, gabaga huɗu kuma ratal guda. A kan duwatsu kuwa ƙarfe ne ke da daraja. Mutanen Sukur, kusa da Madagali, sun shahara da narkar da tama, sandunan ƙarfensu kuma suna shiga ciniki da biyan dukiyar aure. Ke nan ƙasar da Mubi take ciki tana da kuɗaɗen da mutanenta ke iya saƙawa ko ƙerawa da hannunsu, saɓanin wuri wanda sai an kawo.

Fataken Hausawa masu neman hauren giwa da bayi, masu kawo rigunan Kano da goro, su ne suka yaɗa wuri a manyan kasuwannin Fombina a rabin ƙarnin na biyu. Ya samu gindin zama har sunansa ya zama sunan kuɗi a Fulatanci, kamar yadda aka ambata. Sai dai ya iso ne a daidai lokacin da darajarsa ke zubewa, kuma bai kori leppi da ƙarfe daga ƙauyuka ba. Saboda haka maganar da ake yawan yi a littattafan makaranta, cewa wuri shi ne kuɗin daular Sakkwato, tana buƙatar gyara. Gaskiya ce game da Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato, amma a gefen gabas wuri ɗaya ne daga cikin kuɗaɗe uku ko huɗu, kuma shi ne baƙo a cikinsu.

Daga nan sai al'amura suka riƙa sauyawa da gaggawa. Ingilishi sun ci Yola a watan Satumba na 1901, Jamusawa kuma suka kama Garwa da Marwa, rabon da Turawa suka yi ya jefa Mubi cikin Kamarun Jamus. Jamusawa sun kafa sansani a garin a 1903, suka zo da kuɗinsu, mak, wanda darajarsa ta yi kusan daidai da ta sulen Ingila. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kawo ƙarshen mulkinsu. Wasu sassan yankin, kamar Madagali, sun yi 'yan shekaru a hannun Faransawa kafin yarjejeniyar 1919 ta bar su ga Ingila, sannan a 1922 aka tabbatar da yankin a matsayin ƙasar riƙon amana. Littafin tarihin yau da kullum na Hamman Yaji, hakimin Madagali, wanda ya ƙunshi 1912 zuwa 1927, ya nuna cewa har a wannan lokaci ana kai hari kan mutanen dutse, ana kuma musayar bayi da dawaki da tufafi, a gefe guda ga kuɗin Turawa na yawo. Tsohon tsari da sabo sun yi zaman tare na shekaru masu dama.

5.0 Fam da Sule da Kwabo

Turawan Ingila sun ƙudura kawar da wuri tun da farko, domin ba za a iya biyan soja da shi ba, ba kuma za a iya aika shi Landan ba. A 1904 aka hana shigo da shi ta gaɓar Kudu. Amma makamin da ya fi yi masa illa shi ne haraji: da hukuma ta ce sai da tsabar kuɗi za a biya, dole manomi ya nemo ta. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da cinikin gyaɗa da ya biyo baya suka cika kasuwanni da sulalla. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma domin Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Ta fitar da tsabarta a 1913, takardun kuɗi kuma a 1916. Waɗannan ne kuɗin da suka shiga Mubi bayan ta koma hannun Ingila.

Matsalar da Turawa suka fuskanta ita ce kwabo ya yi wa cinikin talaka girma. Wanda ya saba sayen gishirin wuri goma ba shi da abin yi da tsabar da ta kai wuri ɗaruruwa. Shi ya sa tun 1907 aka buga 'yar tsaba mai huda a tsakiya, mai darajar kashi ɗaya cikin goma na kwabo, da rubutun Larabci a jikinta. Da alminiyam aka fara yin ta kafin a sauya ƙarfen. Ita ce Hausawa suka kira "anini", kalmar da ke kuma nufin maɓallin ƙarfe da tauraron kafaɗar hafsan soja.

A nan ne harshe ya adana wata hujja mai daraja. Rabin kwabo a Hausa sunansa "ɗari". Mai koyon Hausa na yau zai yi mamakin yadda ƙaramin kuɗi irin wannan ya ci sunan babban adadi. Amsar ita ce wuri ɗari ake bayarwa a karɓe shi a lokacin da sunan ya kama. Idan aka bi wannan lissafi, kwabo wuri 200 ne, sule 2,400, fam kuma 48,000. Anini zai zama wuri ashirin, wato hauya guda cif. Keso kuwa, kayan ƙato guda, zai tsaya a sule takwas da kwabo huɗu. Farashin ya bambanta daga gari zuwa gari, ya kuma sauya da shekaru, amma kalmar ta daskare a kan wanda ya fi yaɗuwa. Attajirin da ya tara kesuna a rumbu ya wayi gari dukiyarsa tana narkewa, har aka kai lokacin da wuri bai da sauran aiki sai ado, da caca, da duba, da kayan 'yan bori.

Sauran sunayen aro ne. "Kwabo" daga kalmar Ingilishi mai nufin jan ƙarfe yake, "taro" kwabo uku, "sisi" kwabo shida, "nai" kwabo tara, "sule" kwabo goma sha biyu, "fam" sule ashirin. Yarabanci na da kusan dukkan waɗannan da sigogi masu kama da na Hausa, abin da ke nuna cewa ta bakin akawuna da 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa na Kudu suka hauro, ba kai tsaye daga bakin Bature ba. Tsabar sule biyu ta gaji sunan tsohuwar dalar azurfa, aka kira ta "dala", wasu kuma "fataka". Buhun sulalla na fam ɗari da banki ke ɗaurewa shi ne "jaka". Abin lura shi ne jaka ta ɗauki matsayin keso a tunanin mutane: dukansu sunan mazubi ne ya koma sunan adadi.

6.0 Iyaka, Naira da Sefa

Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a ranar 1 ga Yuli, 1959, ya fitar da fam na Nijeriya. A lokacin makomar Mubi ba ta tabbata ba, domin tana cikin Arewacin Kamaru da ke ƙarƙashin amanar Majalisar Ɗinkin Duniya. An yi ƙuri'ar raba-gardama a watan Nuwamba na 1959, aka sake wata a watan Fabrairu na 1961, wadda a cikinta mafi rinjaye suka zaɓi Nijeriya. A ranar 1 ga Yuni, 1961 yankin ya shigo, aka kira shi Lardin Sardauna, Mubi ce hedkwatarsa. Ƙuri'ar nan ta siyasa ce, amma ta yanke hukunci a kan aljihu: da ta faɗa ɗaya ɓangaren, da sefa, wadda Faransa ta ƙirƙiro a watan Disamba na 1945, ita ce kuɗin Mubi.

A ranar 1 ga Janairu, 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam, a kan naira biyu fam guda. Mutumin da aka haifa a Mubi wajen 1890, in Allah ya ja kwanansa zuwa wannan rana, ya yi ciniki da leppi, da wuri, da liyari, da mak, da sulen Hukumar Afirka ta Yamma, da fam na Nijeriya, da naira. Tsofaffin kalmomin kuwa sai suka bi sabon kuɗi da lissafinsu: sule ya zama kwabo goma, sisi kwabo biyar, dala kwabo ashirin, fam naira biyu, jaka naira ɗari biyu. Shekaru da yawa bayan 1973 dillalan shanu da dattawa masu yanke sadaki da fam da jaka suke magana.

A hayin iyaka kuma kalmomin nan wata hanya suka bi. A Jamhuriyar Nijar "dala" na nufin sefa biyar, domin tsabar azurfa ta faran biyar ce ta gaji dalar Mariya Tireza a ƙasashen Faransa, "jikka" kuma sefa dubu. Larabcin Cadi yana kiran sefa biyar ɗin nan "riyal", yana kiran kuɗi gaba ɗaya "gurus". Fulatancin Kamaru yana kiran sefa dubu "booro", wanda shi ma ma'anarsa buhu. Wato tsabar Ostiriya guda ta bar sunaye uku, dala da riyal da gursu, a bakin mutanen da yawancinsu ba su taɓa ganinta ba.

Duk waɗannan suna haɗuwa a Mubi. Kasuwar shanunta tana karɓar dabbobi daga Kamaru da Cadi, kuma a unguwanni irin su Sabon Layi Hausa ce harshen da Bagude da Bafillace da Bamargi da baƙon da ya ƙetaro iyaka suke ciniki da shi. Sunan unguwar ma ɗan zamanin sule da kwabo ne, domin "layi" aro ne daga Ingilishi. A irin wannan wuri kalma ɗaya na iya ɗaukar adadi biyu a zama ɗaya. Idan dattijo ɗan ƙasa ya ce jaka goma, naira dubu biyu yake nufi. Idan baƙo mai lissafin Faransa ya faɗa, sefa dubu goma ce. Masu ciniki sun san yadda suke warware wannan, amma mai fassara a kotu ko mai tattara kalmomin ƙamus wanda ya rubuta ma'ana ɗaya ya wuce, ya bar rabin maganar a baya.

Rinjaye tsakanin kuɗin biyu ma bai tsaya wuri ɗaya ba. A shekarun 1970 naira ce ake nema a Gidar da Mokolo da Garwa. Canjin launin takardun kuɗi da rufe iyakoki na watan Afrilun 1984 ya bar mutane da dama a hayin iyaka riƙe da takardun da ba su da amfani. Daga 1986 naira ta shiga faɗuwa, sefa kuma aka rage rabin darajarta a watan Janairu na 1994. A farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, wasu garuruwan kan iyaka sun koma ciniki da sefa. Wannan ya yi kama da halin da daular Sakkwato ta samu kanta: mutane suna riƙe da kuɗin da ake yanke hukuncinsa a nesa da su, in ya gaza kuma su nemi wanda ke hannun maƙwabci.

Ta fuskar rubutu, takardun naira sun daɗe suna ɗauke da darajarsu da Hausar ajami, gadon da ya faro tun daga rubutun Larabcin da ke jikin anini. A 2007 aka cire ajamin daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50, aka sa Hausa da Ibo da Yarabanci da boko, a 2014 kuma aka cire shi daga sabuwar naira 100. Tsabar kwabo ta ɓace daga kasuwa, har yaran da aka haifa bayan 2000 ba su san taro da nai da ahu ba. Abin da ya rage shi ne maganganun da aka gina a kansu. Har yau mai kukan talauci yakan ce ba shi da ko sisi, ko kuwa ko anini, "zambar dubu" tana nan a ƙamusoshi da ma'anar miliyan, mai ba da labarin maƙudan kuɗin da aka biya lakadan kuma yakan ce an zube naira miliyan kaza, wuri na gugar wuri.